Zailani Masinja da Kazar Firij

Zailani masinja ya sha kaye a rigingimu da yawa, amma wadda ta fi yi masa tabo da matarsa Hafsatu ya yi ta, kuma a kan ɗumame. Shekarar da aka koma tuƙin dama ce, a gidan hayar da muke zaune a Samaru, ƙofar ɗakina tana kallon tasu. Da safe ta ajiye masa kwano, ya sa hannu ya janye, ya ce tuwon nan bai ji wuta ba, tsakiyarsa sanyi ƙalau.

Hafsatu tana tsugune tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ga murhu can, ba a sa masa kwaɗo ba."

"Ni kike cewa in shiga madafa?"

"Kai da kullum kake cika mana kunne cewa kana ɗauko takardun Turawa daga Sabon Gari har Samaru ba ka taɓa yar da ɗaya ba, kwano guda ne zai gagare ka?"

To, Zailani Bakano ne, mu kuwa Zage-zagi mun san halinsu: ka ce wa Bakano bai iya ba, ko rijiya ce sai ya faɗa don ya nuna maka. Ya miƙe da kakinsa mai sitati ya shiga madafa. Ya cusa itace har murhu ya rasa inda zai yi numfashi, ya tuttule kananzir ɗin fitila a kai, ya sunkuya ya kai fuska kamar mai neman allura, sannan ya ƙyasta ashana. Wuf! Da ya fito babu gira, rabin gemu ya tafi, tuwon kuma ya sha toka. Matan gida muka yi dariya har ɗankwalina ya faɗi a ruwan wanke-wanke.

Ya tsaya a tsakar gida yana warin ƙauri, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Na rantse da Allah, hannun nan nawa ba zai sake hura wuta ba har in mutu."

Hafsatu ta ce, "Alhamdu lillahi, gidan mutane ya tsira."

Daga nan ta ja shi ɗaki. Da ya fito zai hau keke, na ga ta zana masa gira da kwalli. Na yi kamar ban gani ba har ya kai bakin zaure, sannan na rangaɗa masa guɗa.

Zailani mutumin wani ƙauye ne ta wajen Rano. Da ƙuruciya ya zo Zariya aikin auduga, daga baya ya samu masinja a wani ofishin gona a Samaru. Ɗan siriri ne, gajere, ga son gardama, kuma in ban da guda ɗaya ban taɓa ganin wadda ya ci ba. Aikinsa kullum ɗaya: da hantsi ya hau keke ya bi ta Palladan da Kwangila zuwa gidan waya a Sabon Gari, ya dawo da jakar wasiƙu. 'Yarsu guda, Zubaidatu, ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa an kai su can Nguru, sai salla da salla ake jin labarinta. Saboda haka gidan Zailani mutum biyu ne, shi da Hafsatu, sai faɗansu na uku.

In kana son ganin Zailani a cikin sarautarsa, to ka zo ƙofar gidanmu bayan magariba, lokacin ciyayya. A gindin darbejiya ake shimfiɗa tabarma. Bappa mai gidan yana zama jikin bango, Ɗanmalam tela wanda ke jan mu salla yana gefensa, sai Toma ma'aikacin disfensare, Kirista mutumin Wusasa, sai Zailani. Kowa da kwanon gidansa. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba, ana ci ana yi wa miyar juna shari'a. Na Zailani wata langa ce mai shuɗin fure, bakinta ya ɗan ɓantare, Hafsatu kan rufe ta da faifai. Shi ba ya yarda a buɗe tasa da wuri. Sai an ci faten matar Toma da tuwon gidan Bappa, sannan ya ɗage faifai ya ce, "To, an gama gwaji, yanzu a ci abinci." A gida yana kushe girkin Hafsatu, a waje kuwa ko sarki bai isa ya taɓa shi ba.

Da daminar shekarar da naira ta shigo, zazzaɓi ya kama Hafsatu. Kafin a gama cewa gobe a kai ta asibiti, Allah ya karɓi abarsa.

Kwanakin zaman makoki abinci ya yi ta shigowa ɗakin har ya rasa wurin ajiyewa. Bayan sadakar arba'in kuwa kowa ya koma harkarsa, kamar yadda duniya ta saba. Zubaidatu ta yi kuka ta ce ya bi ta Nguru, ya ce shi ba zai je ya zauna gidan suruki yana jiran a kira shi cin abinci ba. Ya koma tabarma, amma ba langa. Ba wanda ya ce masa uffan, mutanen kirki ne. Kirkin nasu ne ma ya kore shi. Ran nan Bappa ya buɗe kwano, ya tura shi gaban Zailani, ya ce, "Bismilla, Malam Zailani." Duk wanda ya san ciyayya ya san ba a yi wa ɗan tabarma bismilla da suna. Baƙo ake yi wa, da mai wucewa. Zailani ya ci loma biyu, ya ce cikinsa a cike yake. Washegari bai fito ba.

Daga nan sai ya zama in an sallame magariba ya shige ɗaki ya turo ƙyaure, ya kunna rediyo. Burodi da ƙuli-ƙuli, wata rana garin kwaki. Ina jin ƙarar cokali a kofi, ina jin dariyar mazan daga waje, kuma na san shi ma yana ji, don duk sanda dariyar ta tashi sai ya ƙara wa rediyon murya. In ya gama ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, kamar yadda ya saba yi don Hafsatu ta zo ta ɗauke kwano. Can kuma sai in ji ya tashi ya ɗauke da kansa.

Ni waina nake soyawa, wuta ba ta mutuwa a murhuna. Na tare shi na ce, "Kai Bakano, kawo langar nan in riƙa zuba maka, ka fita da ita kamar kowa."

Ya ce, "Goggo, langar Hafsatu ba za ta hau murhun wata ba."

"To ka aure ni mana, murhun ya zama naka. Haƙora huɗu gare ni, ba zan ci maka da yawa ba."

"In aure ki in kai ki ina? Gidan tarihi?"

"Ka sayi tuwo a bakin tasha."

"In kai tuwon saye tabarma? Ai gara in rataya allo a wuya in rubuta gwauro."

Haka muka yi ta yi, shi ba ya hura wuta saboda rantsuwa, ba ya karɓar ta wata saboda Hafsatu. Tabarma kuwa tana nan a ƙofar gida, yana tsallake gefenta da keke safe da yamma.

Sai ga shekarar Udoji. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, Sabon Gari ta cika da rediyo da babur da firij. A unguwar PZ, ba nisa da gidan waya, akwai kantin wata Bayarabiya, Modupe. Ta sayi firij mai ƙofar gilashi, sama lemo, ƙasa soyayyiyar kaza yanka-yanka a naɗe cikin takarda. Akawuna da 'yan jami'a ke saye su kai gida su ɗumama. Zailani ya tsaya shan lemo, ya ƙura wa kazar ido. Ya tambayi wa ya yanka, aka nuna masa malamin da ke yanka mata a kasuwa. Sai lissafi ya zo masa: ga abinci dafaffe, ba tuwon tasha ba, ba ya neman wuta, ba ya neman mace.

Ran nan da magariba na ga ƙyaurensa ya buɗe. Ya fito da wankakkiyar riga, langa mai shuɗin fure a hannu, faifai a kai. Wallahi sai da na juya baya na gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ya zauna a wurinsa, ya bari aka cinye na kowa, sannan ya ɗage faifai ya ce, "An gama gwaji."

Bappa ya gatsa, ya ce, "Kai, wannan kaza a rijiya ta kwana?"

"Kazar firij ke nan, Bappa. Haka Turawa ke cin ta. Sanyi yana kashe duk wata cuta, shi ya sa ba ka taɓa ganin Bature da tsutsar ciki ba."

Toma ya ce, "Ni na gani."

"Wannan ya daɗe a Zariya ne."

Aka yi dariya, aka cinye har ƙashi. Zailani ya dawo mutum. Gardama ta dawo, kaye ya dawo, har ƙiba ya soma yi a kumatu.

Ga inda matsalar take. Da hantsi yake sayen kazar, lokacin ɗaukar wasiƙu, ciyayya kuwa sai magariba. Kullum Modupe sai ta ce masa, "Baba masinja, ka ɗumama shi sosai o, kafin ka ci." Shi kuma ya ce to, don Bakano ba ya musu da mai kanti. Dabararsa ita ce ta tulu. Tunda jiƙaƙƙen buhu yana sanyaya ruwa, ai zai riƙe sanyin kaza. Sai ya naɗe ta a buhun algarara, ya jiƙa, ya ɗaure a bayan keke. In ya zo Kwangila ya yayyafa ruwa, a Palladan ya ƙara, in ya isa ofis ya rataye a reshen mangwaro har a tashi. A ganinsa abin da ya taɓa shiga firij ya shiga ke nan, kamar wanda ya je Makka, ko ya dawo sunansa Alhaji.

Da lokacin sanyi abin ya tafi lafiya. Sai bazara ta kama, irin wadda kwalta ke manne wa tayar keke, wutar lantarki kuma ta riƙa ɗaukewa a Sabon Gari. Wata Alhamis aka ci kaza. Toma yana wurin aiki bai ci ba. Ɗanmalam, da yake shi ne mai son cinya, shi ya fi kowa ci.

Da asuba masallaci ya jira liman bai gani ba. Liman yana hanyar bayi da buta, yana fitowa Bappa yana shiga. Da farko ni dariya na yi, na ce yau an sami layi ba a famfo ba. Da rana ta ɗaga dariyar ta ƙare. Ɗanmalam amai da gudawa har idonsa ya faɗa, ba ya iya tsayuwa, sai a mota aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Matarsa tana kuka tana cewa masinja ya kashe mata miji. Zailani ya ce shi lafiyarsa lau, kazarsa ba ta da laifi. Ni kuwa da ƙofata ke kallon tasa na ga butarsa ba ta huta ba yini guda, sanɗa yake yi ta bayan randa.

Da Ɗanmalam ya warke aka zauna a tabarma. Zailani ya zo da langa. Bappa ya dafe faifan da hannu ya hana buɗewa.

Toma ya yi magana a hankali. Ya ce, "Malam Zailani, firij ba ya kashe cuta, kwantar da ita yake yi. Ka fito da kaza ka yini da ita a rana, ta farka. Buhu ba firij ba ne. Ka saye ta kusa da lokacin ci, kuma a sa ta a wuta har tururi ya fito daga ƙashi. Shi ke nan fa."

"Watanni muna ci, wa ya mutu?"

Ɗanmalam ya ce, "Ni ka so in fara? Na ga fitilar asibiti tana zama biyu, ina kalmar shahada. Ko a ɗumama, ko kada ta sake hawa tabarmar nan. Ga matanmu, ka ba kowacce ta ɗora maka."

"Ba za ta hau murhun wata ba."

"To ka zo haka nan ka ci namu. Wa ya kore ka?"

Ba wanda ya kore shi, gaskiya ne. Ya ɗauki langarsa ya shiga gida. Ƙyaure ya rufe, rediyo ya tashi.

Wannan zaman ya fi na farko muni, don yanzu har da kunya. In ya ga matar Ɗanmalam sai ya sunkuyar da kai. Kumatun suka koma inda suka fito. Ranar wata Asabar da yamma na hango shi ta labule zaune a bakin gado, langa a cinya, yana cin kazar nan shi kaɗai, da sanyinta ko in ce da ɗuminta na buhu. Na banka labulen.

"Kai Bakano, so kake ka mutu a gidan haya a ce mu muka ba ka?"

"In na mutu ai ni kaɗai na ci."

"Kai kaɗai za ka ci, mu za mu sha wari. Daɗin me ke cikinta ne haka?"

Ya dubi cinyar kazar da ke hannunsa, ya mayar cikin langa. Ya ce, "Goggo, ni ko son kaza ba na yi. Tun ina yaro ƙarninta ke damuna."

Daga waje muna jin Bappa yana ba da labari, mazan suna ƙyaƙyatawa. Zailani ya kai hannu zai ƙara muryar rediyo, na riga shi na kashe.

Na ce, "Murhun wata ka ce ba ka so, na ji. Naka fa?"

"Na yi rantsuwa."

"Hafsatu ce ta roƙe ka? Kai ka yi abarka da rabin gemu, ita dariya take yi. Rantsuwa tana da kaffara, ga malami nan a ƙofar gida, kazarka ba ta ƙarasa shi ba. Je ka tambaye shi."

Ya kai hannu ya sake kunna rediyonsa. Amma bayan kwana biyu, matar Ɗanmalam ta gaya mini masinja ya je shago wai wani abokinsa ne ya yi rantsuwa a kan wuta, yana tambayar mafita. Ɗanmalam bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya gaya masa yadda ake kaffara, ya ƙara da cewa a gaishe da abokin, a ce masa ya riƙa janye fuska in zai ƙyasta ashana.

Zailani ya yi kaffararsa. Ya sayo kurfoti da gawayi a kasuwar Sabon Gari. Ya daina sayen kaza da hantsi. In an tashi daga ofis sai ya sake hawa keke ya koma PZ takanas, ya dawo gab da magariba, tsoho da shi, gumi har cikin takalmi. Madafar mata kuwa ya ce ba zai shiga ba, ta ci girarsa sau ɗaya ya isa.

Saboda haka a ƙofar gida ya dasa kurfotin, a gaban kowa. Ya tsaya nesa da shi iyakar tsawon hannu, ya kau da fuska, ya jefa ashana kamar mai jifan kare. Sai a ashana ta wajen biyar ya kama. Ya ɗora kazar a kan waya, yana fifita da faifan Hafsatu, ido a rufe. Toma ya ce ta yi, ya ce ba ta yi ba. Hayaƙi ya turnuƙe har masu wucewa suna tsayawa. Ni ina leƙe daga zaure, na ce, "Bakano, kaza aka ce ka ɗumama, ba layya ba!" Ko kallona bai yi ba.

Ya juye a langa, ya rufe, ya zauna a wurinsa. Ba wanda ya yi masa bismilla. Aka ci faten gidan Toma, aka ci tuwon gidan Bappa, sannan ya ɗage faifai. Baƙi ƙirin, ba ka bambance fiffike da gawayin da ya gasa shi.

Bappa ya ce, "Inna lillahi. Wannan kaza ce ko abin da ya rage a gobara?"

Ɗanmalam ya ɗaga wani yanki ya ƙwanƙwasa a bakin langa. "Malam Zailani, mun ce a ɗumama, ba mu ce a hukunta ta ba. Ba ka san tsakiya ba ne? Ko ƙanƙara ko toka?"

"Toma ya ce har ƙashi."

Toma ya ce, "Tururi na ce, ban ce ƙashin ya ƙone ba."

Suka taso masa su uku, kowa da tasa, har Bappa yana cewa haƙoransa da suka tsira daga sanyi yau za su ƙare a gawayi. Na ce a raina yau ma Bakano ya sha kaye, yanzu zai ɗauki langa. Bai ɗauka ba. Ya rayu shekaru bayan wannan, kuma har ya bar duniya ƙonanniyar kazar nan yake fitarwa, ana kankarewa ana ci, ba wanda ya sake buɗe baki a kanta. Ita ce gardama ɗaya tak da na ga ya ci. Ran nan dai ya bari suka gaji, ya gyara zama, ya tura langar tsakiyar tabarma, ya ce:

"Na kawo da sanyi kun ce kisa, na kawo da zafi kun ce gawayi. Wadda ta iya tsakiyar tana maƙabarta. Mai so ya je ya taso ta, ni ma ina nemanta."